Karen da Ba Ya Cin Na Hannun Kowa

A shekarun da na yi ina tsaron sito a Panyu, can kudancin Chana, ina da kare. Na faɗa tun da fari ne don mai yamutsa fuska ya yamutsa yanzu, mu wuce wurin. Sunansa kuwa na bar wa kaina, domin duk wanda na taɓa gaya wa, dariya ya yi.

Aikina karɓar kaya ne. 'Yan kasuwarmu na Kano da na Maraɗi su sauka a Sanyuanli, unguwar da mutanenmu suke taruwa, su yini suna zaga kasuwanni suna sayen leshi da shadda da takalma da kayan waya, a yi ta turo mini kwalaye da diloli, ni kuma in jera, in auna, in cika kwantena ta kama hanyar teku. Siton yana can bayan masana'antu, inda kwalta ta ƙare aka shiga gonakin ganye. Ɗakina a cikinsa yake, an yanke mini kusurwa ɗaya da katako. Iyalina suna Kano. Idan 'yan dako suka tashi da la'asar, daga ni sai kwalaye, sai fanka da take ƙara kamar za ta faɗo.

Mai filin wata tsohuwa ce da kowa yake kira Ayi, wato kamar a ce gwaggo. Tana da ɗan shago a bakin ƙofar siton inda take sayar wa ma'aikata lemo da taba da ƙanƙara, a bayan shagon kuma tana kiwon agwagi, tana shuka kabeji da albasa. Ita ta kawo shi cikin kwalin taliya, ɗan kwikwiyo ja mai baƙin baki, ta dire a gabana ta ce sito babu kare ba sito ba ne. Na ce mata mu ba ma ajiye kare. Ta dube ni, ta dubi kwalin, ta koma shagonta ta bar mu.

Abin da ba ta sani ba shi ne a cikin karnuka na tashi. Kakana mafarauci ne a wani ƙauye gefen dajin Falgore, kuma kafin in iya Fatiha na san kowane kare na gidanmu da halinsa. Sai da aka kawo ni birni makaranta na gane wannan ba abin faɗa ba ne, don yaran unguwa sun yi mini waƙa a kai har na koyi rufe bakina. Na dai tambayi wani malami ranar Juma'a, ya ce karen gadi babu laifi, in dai kiyaye tufafin salla da kwanon abincina. Na karɓi wannan fatawa hannu bibbiyu, ko da yake ni da zuciyata mun san ba gadi kaɗai ba ne.

Da farko abin da kowa yake ba karensa na ba shi, ragowar shinkafa da wannan busasshen abinci na cikin buhu mai kama da kashin awaki. Gashinsa ya dinga zuba, ya yi ta susa har ya ji wa kansa ciwo, cikinsa kuma bai taɓa tsayawa ba. Sai na tuna karnukan kakana. Su ma duk shekara tuwon jiya da dusa suke ci, su rame su yi furu-furu, amma da lokacin farauta ya kama aka fara jefa musu kayan ciki, sai ka ga sun murje kamar ba su ba. Akwai wani mahauci Musulmi ɗan ƙasar kusa da masallacin da muke Juma'a, na fara tsayawa wurinsa in an idar. Wuyan kaza, huhu, zuciya, haƙarƙarin rago, tumbi wanda ba a wanke ba, duk ɗanye. Sauran na koya da gwaji. Hanta in ta yi yawa zawo take sa shi, ƙashi in ya yi yawa kashinsa ya yi fari ya ƙi fita, dafaffen ƙashi kuwa ko kusa, don tsagewa yake ya soki hanji. Jefi-jefi in fasa masa ɗanyen ƙwan agwagwa daga na Ayi. Ba a jima ba gashinsa ya kwanta yana sheƙi, 'yan dako suna cewa karen lawban, wato karen maigida, ya fi su cin daɗi, kuma ba su yi ƙarya ba.

Idan alhazai suka zo duba kayansu, nakan tura shi shagon Ayi, in share tsakar siton, in yi fuskar wanda bai san da wata halitta ba. Da sun tafi sai in yi fito, ya shigo a guje. Ya san iyakarsa, bai taɓa taka katakon ɗakina ba, a bakin ƙofa yake kwanciya ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa yana kallona ina dafa taliya. Da shi nake Hausa. In na yini ina karya harshe da direbobi da masu masana'anta, da yamma shi nake ba labarin wanda ya cuce ni da wanda ya ba ni dariya, shi kuma ya dinga ɗaga kunne ɗaya. Wanda bai taɓa zama shi kaɗai a ƙasar wasu ba zai ce hauka ne, na kuma yafe masa.

Da sanyin shekarar ya shigo, karnukan unguwar suka fara ɓacewa. Wasu mutane ne a kan babur, su jefa nama mai guba ta saman katanga, su zaga su dawo su ɗauki gawa. Karen masana'antar roba da ke kusa da mu ya tafi, na mai walda ya bi. Ni kuwa na san maganin wannan tun ina yaro, don mafarauta ma suna sa wa karnukan juna guba saboda hassada. Kakana yakan tsaga nama ya cusa garin barkono a ciki, ya ba wani baƙo ya miƙa wa kare. Karen ya cafke, bakinsa ya ɗauki wuta, ya yi ta atishawa yana goga hanci a ƙasa. Sai shi kakan ya fito da nama mai kyau, ya murza shi sosai a tafin hannunsa, ya ba shi. A canja baƙo gobe, a sake canjawa jibi, har kare ya yarda cewa duk naman duniya wuta ne in ba wanda ya ji warin hannun ubangidansa a jiki ba.

Haka na yi wa nawa. Na sa 'yan dako ɗaya bayan ɗaya, na sa direbobin kwantena, na sa wani abokina ɗan Maraɗi mai ofis a Tianhe, wanda ya miƙa naman da tsinken tsire don kada yawu ya taɓa shi, yana cewa wallahi zaman Chana ya taɓa mini kai. Har Ayi na sa. Ta ƙi, ta ce mugunta ce, ta yi mini faɗa da harshensu na kudu wanda ba na jin ko kalma ɗaya a ciki. Na nace, don a shagonta yake yini, kuma kowa zai iya zama a bencinta ya miƙa masa abu. Ta miƙa, ta juya baya don kada ta ga atishawar. Bayan haka ko rago guda ka zube a gabansa sai ya sunsuna ya kau da kai. Na taɓa tsintar dunƙulen nama a tsakar siton da safe, ƙudaje sun mutu a kai, shi kuwa yana gefe yana hamma. Ranar na yi alfahari da kakana, kuma har gobe ina cewa dabarar nan ce ta bar shi da rai a wannan sanyin.

Sai shekarar wasannin Olamfik ta zo. A Beijing za a yi, mu muna can kudu nesa, amma iskar ta kaɗa mu. A da in bizarka ta kusa ƙarewa sai ka leƙa Hong Kong ka sabunta, ka dawo kafin kayan miyarka su lalace. A wannan shekarar aka ce kowa ya koma ƙasarsa ya nemo. Sanyuanli ta fara raguwa, gidajen abincinmu suka zama kujeru sun fi mutane yawa. Tawa bizar ta zo ƙarshe a tsakiyar zafi, masu sani kuma suka ce mini abin bai wuce sati biyu zuwa uku ba.

Kaya ba su dame ni ba, ɗan Maraɗin nan zai riƙe mini makulli, shi takardarsa ta shekara ce. Kare ne damuwata. Mutanenmu ko tambaya ban yi ba, ana cunkushe a ɗaki ɗaya a saman bene da sallaya a shimfiɗe, ina za a sa kare? Na roƙi wani direban kaya ya kai mu gidan ajiye dabbobi a Tianhe, mai sanyin na'ura da ɗakunan gilashi da kiɗa a hankali, ya fi masaukin alhazanmu tsabta nesa ba kusa ba. Wata budurwa mai fararen kaya ta durƙusa ta miƙa masa biskit ɗin karnuka, ya dube ta kamar ta zage shi. Da na yi musu bayanin ɗanyen tumbi suka dubi juna, suka ce su ba sa ajiye ɗanyen nama a wannan zafi, kuma kowane kare in ya ji yunwa zai ci. Raina ya ɓaci, na ja shi muka fito. Duk wanda na gaya wa sai ya maimaita mini maganar nan, in ya ji yunwa zai ci, kuma duk cikinsu babu wanda ya taɓa zama da kare.

Ayi ce ta rage. Muka gwada tun ina nan. Ta sa nama a kwanonsa, ya ƙi. Na murza wani a hannuna na ba ta, ta ɗauka da hannunta ta ajiye, ya sunsuna ya ja da baya. Ita ta kawo dabara. Ta ɗauko sandunan cin abincinsu, ta ɗaga naman da na murza ba tare da ta taɓa ba, ta ajiye ta matsa. Na laɓe a bayan shago ina leƙe. Ya zaga kwanon, ya dubi ƙofa, ya ci. Muka yi ta dariya ni da ita kamar an yi mana albishir.

Ana gab da tafiya na yi jigilar nama daga wurin mahaucin. Na zauna a tsakar sito da katako da wuƙa, ina yanka ina haɗawa, kowane ƙulli da wuyan kaza da tsoka da ɗan tumbi da hanta kamar tsawon yatsa. Kowanne sai na murza shi a tafin hannu har sanyinsa ya shiga ƙashina, sannan in ƙulle a leda. Na yi na wata guda, na ƙara na 'yan kwanaki saboda tsaro. Ayi ta kwashe ƙanƙarar sayarwa daga rabin firizarta, a lokacin da ta fi ciniki, muka jera ƙullin. Na nuna mata a fitar da ɗaya da safe a sa shi da ledarsa cikin ruwa ya saki, kada a dafa, kada a haɗa da naman alade, kada a bari ya yini a kwano. Na bar mata wata tsohuwar singiletina a shimfiɗa masa. Ranar tafiya ban yi masa sallama ba. Na ba shi ƙashi na fita ta ƙofar baya, don na san in ya biyo motar ba zan iya ba.

A Kano aka yi murna da zuwana, ƙaramar 'yata da na bari tana rarrafe na tarar tana gudu. Na kai takarduna aka ce in jira. Sati ukun ya wuce, aka ce takardar gayyata ta canja salo, a sake aiko wata. Aka aiko, aka ce a dakata tukuna a ga yadda wasannin za su kaya. Ba ni kaɗai ba ne, mu da yawa muke haɗuwa a kasuwa muna tambayar juna ko an ji wani abu, sai dai su kayansu ne suke jira a can, kaya kuwa ba ya cin abinci.

Bayan sallar asuba nake kiran Ayi, lokacin su rana ta yi tsaka. Sinancina na kasuwa ne, nata kuma ya cakuɗe da harshensu na kudu, don haka hirarmu gajeriya ce, in ta yi dariya na san ya ci. Da ƙullin ya yi ƙasa ta fara raba ɗaya biyu, tana sayo sabon nama tana cuɗa shi da nawa a leda ɗaya ya kwana. Yakan tsince nawa ya bar nata, wata rana kuma ya haɗa. Da suka ƙare gaba ɗaya ta koma goga nama a jikin singiletin nan, ya ci na 'yan kwanaki, har warina ya bar ta, ta koma warin nama da na kare. Wata safiya na kira, ta ce, "Lawban, meyo." Meyo ita ce kalmar da muka fi ji a kasuwa, wato babu. Na ji ta sau ba adadi a kan takalmi da yadi, ban taɓa jin ta tsaya mini a ƙirji ba sai ranar.

Na ce ta kara masa wayar a kunne. Na tsaya a soro, na duba babu kowa, na yi masa fito. Na ji ya zabura, na ji ƙarar faratansa a siminti, yana zaga shagon yana nemana yana kuka. Washegari Ayi ta ce kada in sake, don yini ya yi yana tonon ƙarƙashin ƙofar sito har ƙafarsa ta yi jini. Ruwa yana sha, yakan lashi ƙwai in ta fasa a ƙasa ta tafi, wani lokaci ya kamo kwaɗo a gona. Nama kuwa a'a, balle daga wurinta. Ɗan Maraɗin ya fassara mini abin da take ta maimaitawa, wai karen bai manta da barkonon da ta ba shi ba.

Lokacin garin Kano ya ɗauki zancen ƙwallo, 'yan wasanmu sun kai wasan ƙarshe a can, kowane gidan kallo a cike. Mutane suna ganina suna cewa ai ka yi asara, ana biki a garinku kana nan. Ina yi musu yaƙe in wuce.

Sai na ji wani Alhaji da nake yi wa lodi zai tashi cikin satin. Babban mutum ne a Kwari, sa'an mahaifina, bizarsa mai dogon zango ce tun kafin a tsaurara. Na ɗauko wata farar 'yar shara ta auduga na sa, na ƙi cirewa. Na yini da ita a kasuwa, na kwana da ita, na yi tafiyar ƙafa da rana tsaka don ta sha gumi, sai lokacin salla in tuɓe in sa wata. Matata ta yi ta fakon rigar, ta ce in ba ta ta wanke kada mutane su ce ba ni da mata. Da na gaya mata dalili ta daɗe tana kallona, ta ce, "Yanzu saboda kare kake wannan tsamin?" Amma ita ta samo mini leda mai kauri, ta ninka biyu, ta ɗaure bakin da zare.

Na kai wa Alhaji har gida. Na tarar da shi a falo kan darduma da carbi a hannu, ana haɗa masa akwati a ciki. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi zancen kaya, na fito da ƙullin. Duk hanya ina shirya yadda zan ce masa. Amma ka dubi dattijo mai furfura ka ce masa ya ɗauki rigarka mai datti ya haɗa da jallabiyarsa da sallayarsa ya tsallaka teku da ita saboda kare? Bakina bai iya ba, kuma ko yau aka mayar da ni falon nan ban ce zai iya ba. Na ce riga ce, saƙon wata tsohuwa mai filin sitona, abokina zai zo masauki ya karɓa, don Allah a bar ta a ƙulle yadda take. Ya ce babu komai, ya miƙa ta ta labule aka shiga da ita wurin Hajiya.

A kwanakin nan na samu barci. Na auna cewa riga guda, in Ayi ta yanka ta ƙanana ta adana a firiza, za ta riƙe mu har in koma.

Ɗan Maraɗin ya kira ni daga shagon Ayi. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, abin da ba halinsa ba ne. Patron yake ce mini, wato maigida a bakin 'yan Maraɗi.

"Patron, rigag ga da ka aiko, kai ka wanke ta?"

Na ce wane irin wanki, ai dattin shi ne saƙon.

"To wankakka ta. An yi mata guga, an ninke, an turara ta. Tun daga bakin ƙofa ƙamshi ka tashi. Ledar ma sabuwa ta."

Na zauna a ƙasa inda nake tsaye. Ba sai an gaya mini yadda aka yi ba. Hajiya tana shirya akwatin mijinta ta ji wani tsami yana fitowa, ta kwance, ta ga abin da ta gani. Babu macen kirki a garin nan da za ta bar mijinta ya kai wa mutane saƙo a haka, a ce daga gidanta ya fito. Wataƙila ma ta tausaya mini, ta ce yaron nan matarsa ba ta kula da shi. Aka wanke da sabulu, aka sa bula, aka goge, aka ɗora a kan kabbasa aka turara da turaren wuta. Ayi ta gwada duk da haka. Ta goga nama a jikin rigar, ta ajiye da sandunanta. Ya sunsuna, ya yi atishawa, ya koma ƙarƙashin benci ya kwanta.

Na nemi wanda zan yi fushi da shi na rasa, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Na yi wa matata tsawa a kan gishirin miya, na kori yara daga ɗaki, na fita na yi ta tafiya har Ƙofar Nasarawa ban san me ya kai ni ba. Na sake sa wata rigar na aika ta kamfanin kai saƙo, suka ce a wannan lokacin ana tsananta binciken kaya, ba za su yi mini alkawarin rana ba. Ni na riga ta isa.

Azumi ya kama. Ina zama gaban ƙosai da kunu da magariba in kasa haɗiya, ina tuna wani yana can yana nasa azumin da babu buɗa-baki. Na daina kiran Ayi kullum, don na gaji da jin kalmar nan. Sai in kira ɗan Maraɗin in yi ta zancen kaya, can a ƙarshe in ce, ya mutumin? Shi ya gaya mini kaska ta kama shi, zazzaɓi ya shiga jikin da babu ƙarfi, Ayi ta ɗora shi a kekenta mai ƙafa uku zuwa wurin likitan dabbobi aka yi masa ƙarin ruwa. Wannan abokin nawa da yake miƙa nama da tsinke, shi ya riƙe masa ƙafa aka sa allura. Wannan bai gaya mini ba, daga bakin Ayi na ji daga baya.

Biza ta fito bayan ƙaramar salla. Daga filin jirgi ban zarce ko'ina ba sai wurin mahaucin, na karɓi hanta da zuciya, na ɗauki tasi har Panyu da akwatina da komai. Rana ta yi sanyi lokacin da na isa. Ayi tana zaune a bakin shago tana gyaran ganye. Da ta gan ni ta miƙe, ta nuna mini bayan shago.

Yana kwance a kan buhu a inuwar ayaba. Ba don baƙin bakin ba da ban gane shi ba. Haƙarƙarinsa duk a waje, gashin nan da nake ji da shi ya zube ya bar tabo-tabo. Ban yi fito ba, iska ce ta kai masa. Ya ɗaga kai, jelarsa ta bugi buhun, ya yi ƙoƙarin tashi ƙafafun baya suka ƙi. Na zauna a ƙasa da kayan tafiyata, na manta da zancen tufafin salla, na ɗora kansa a cinyata. Na yanko hanta 'yar ƙarama, na murza a hannu, na miƙa masa. Ko sunsunawa bai tsaya yi ba, ya karɓa a hankali kamar yadda ya saba, don bai taɓa kama mini yatsa ba. Ya riƙe ta a baki. Na jira ya tauna, na shafa masa maƙogwaro, na yi masa magana da Hausa, na roƙe shi. Bai haɗiye ba, bai kuma yar ba. Haka ya riƙe ta yana kallona har inuwar ayabar ta kai katanga. Ayi tana bayana tana kuka, ni ma ina yi, ban ɓoye ba.

Washegari da hantsi ya mutu. Na haƙa masa rami a ƙarshen gonar Ayi da fartanyarta. Da na mayar da ƙasa na tsaya, na rasa abin da ake cewa, don babu wanda ya taɓa koya mini. Ayi ta kawo mini farar rigar, har lokacin tana ƙamshi, na ce ta ba wani ɗan dako. Ba a yi wa mutum ta'aziyyar kare. Ɗan Maraɗin ne kaɗai ya zo ya zauna da ni a sito, muka sha shayi, bai ambaci komai ba har ya tafi.

Bayan 'yan makonni Alhaji ya sake shigowa sayayya. Ya aika a kira ni wani gidan abinci na mutanenmu a Sanyuanli, a hawa na sama, inda ake tuwon shinkafa da miyar kuka. Na same shi cikin mutane, na gaishe shi, ya sa aka kawo mini kwano. Muka gama zancen kwantenarsa, yana wanke hannu sai ya tuna.

"Af, Hajiya ta ce in tambaye ka, saƙon nan ya isa lafiya? Ta ce ka yi haƙuri ta buɗe, ta ga an manta ba a wanke ba. Da hannunta ta wanke, ba ta ba 'yan aiki ba. Turaren ma na Maiduguri ne da take ɓoyo, ko ni ba kullum take sa mini ba."

Mutanen teburin suka yi ta yaba mata, wani ya ce irin waɗannan matan sun yi ƙaranci yanzu. Alhaji yana murmushi da tawul a hannu, yana jiran amsata.

Na ce, "Ya isa, Alhaji. A gaya wa Hajiya na gode ƙwarai. Allah ya saka mata da alheri."

Ya ce amin, ya turo kwanon nama gabana, ya ce in ci, wai na rame.